Mizanin Hanci da Harshe: Ɗanɗana Abin Shan Hatsi na Gida a Ƙasar Boɗinga da Shagari, da Iyakar da ke Tsakanin Tsami da Maye

 

Mas'alar da nake so mu tattauna ita ce yadda ake gane kyawon abin sha na hatsi wanda aka yi a gida, irin su kunun zaƙi da koko da kunun alkama, da kuma yadda ake gane sa'ar da ya fita daga haddin halal ya nufi haddin abin da ke sa maye. Da'awata ita ce, matan da ke wannan sana'a a ƙasar Boɗinga da Shagari suna da mizani cikakke wanda suka gada daga iyayensu, mizanin kuwa ya dace da abin da fuƙaha'unmu suka tabbatar, ya kuma dace da abin da masana kimiyyar abinci suka gano. Sai dai har yanzu yana cikin hannuwa da harsuna, ba a zuba shi a takarda ba, alhali kuwa hatsin da ake sarrafawa da mazubin da ake zubawa duk suna sauyawa a gaban idonmu.

Ƙasar da hatsinta

Wanda ya fito daga birnin Sakkwato ya nufi kudu ta hanyar Tambuwal da Jega, Boɗinga zai fara riska, sa'an nan ya wuce ya isa Shagari. Sanin kowa ne cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin ƙasar Boɗinga, yana karantarwa da wallafa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa kuma Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kanta kafin ya tabbata a Gwandu. Saboda haka idan muka yi zancen halal da haram na abin sha a wannan yanki, muna yi ne a wurin da aka daɗe ana karanta Risala da Muhtasar, har hukunce-hukuncensu suka sauka daga zaure suka shiga madafa, suka zama al'adar da uwa ke koya wa 'yarta ba tare da ta ambaci sunan littafi ba.

Abincin ƙasar gero ne da dawa na damina, da shinkafa a fadama. Alkama kuwa shukar rani ce, ba ta yi sai da sanyin hunturu da ban ruwa, ana shuka ta wajen Nuwamba a girbe wajen Maris, kuma tun kafin zuwan injin ban ruwa Hausawa suna noma ta kaɗan-kaɗan da jigo, suna yin alkaki da funkaso da taliya da ita don ranakun biki da karɓar baƙi. A ƙarni na 20 ne burodi ya mai da ita abincin yau da kullum, ƙasa ta dogara ga ta waje, har wasu masana biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi a 1985 suka siffanta wannan dogaro da tarko. Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, yana shugaban ƙasa ya ƙaddamar da shirinsa na bunƙasa noma a 1980. Wata gwamnati da ta zo daga baya ta hana shigo da alkama a 1987, aka koma aka buɗe bayan 'yan shekaru. Yau kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje take zuwa. Duk da haka madatsun ruwa irin na Goronyo da na Shagari sun buɗe ƙofar noman rani, alkamar gida tana samuwa a kasuwa da mudu, matan gida kuma suna jarraba ta a kunu, wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci a gauraye da gero ko gyaɗa. A nan ne bukatar mizani ta ƙaru, domin alkama tana da ɗabi'ar da ta saɓa wa ta gero da dawa.

Abin da ake koyo daga alƙalan Turawa

Akwai al'ummar da ta daɗe tana nazarin ɗabi'ar alkama a cikin ruwa, watau mutanen Bavariya ta ƙasar Jamus, waɗanda suka shahara da giyar alkama. Zan ambaci abin da littattafansu suka bayyana, bisa ƙa'idar nan da malamai suka sani cewa ana koyon siffar abin da aka hana domin a nisance shi. A 1516 masu mulkin Bavariya sun kafa doka cewa ba a yin giya sai da sha'ir da ruwa da furen wani tsiro mai ɗaci, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne a bar alkama ga masu gasa burodi don kada abinci ya yi tsada; daga baya gidan sarautar ya keɓe wa kansa izinin yin giyar alkama, ya ci ribarsa shekaru masu yawa, har a 1872 izinin ya koma hannun wani ɗan kasuwa mai suna Georg Schneider. A Amurka kuma, bayan da aka halatta wa mutane yin giya a gidajensu da dokar 1978, sai aka kafa ƙungiyar alƙalan ɗanɗano mai suna BJCP a 1985, wadda ta tsara takardar ba da maki 50: ƙanshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin ke ji a baki 5, hukunci na gaba ɗaya 10.

Abu biyu nake so mu ɗauka daga nan. Na farko shi ne tsari, watau a raba hukunci gaɓa-gaɓa, a tilasta wa mai hukunci ya rubuta dalilinsa, don kada maganarsa ta tsaya a kan “ya yi daɗi” ko “bai yi ba”. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne siffofin da alƙalinsu yake nema ya yaba a giyar alkama. Yana neman kumfa mai kauri wadda ba ta saurin mutuwa, da iska mai tsikarin harshe, da ƙanshi irin na ayaba nunanniya, da wani ƙanshi mai kama da kanumfari alhali ba a sa kanumfari ba. Waɗannan ƙanshi biyu kuwa yisti ne ke haifar da su yayin da yake cin sukarin hatsi yana mai da shi barasa da iska. To, ashe duk abin da ya lissafa a babin yabo, mu a wurinmu alamun gargaɗi ne, kuma ya rage mana aiki, gama ya siffanta mana su filla-filla.

Abin da fuƙaha'u suka tabbatar

Kada a zaci shari'a ta taƙaita haramci ga ruwan inabi. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya bayyana a kan mumbari cewa giyar da aka haramta ana yin ta da abubuwa biyar, ya lissafa inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, ya kuma ɗora hukuncin a kan gushewar hankali. Haka nan Abu Musa al-Ash'ari, da aka aike shi Yaman, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wani abin sha na zuma da wani na hatsi da mutanen can ke yi, amsar kuwa ta game duk mai sa maye. Mazhabar Imamu Malik ta tafi a kan cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne, ko da me aka yi shi. Wannan ne ya sa burkutu, wanda asalinsa dawa ce, ya shiga hukunci ɗaya da giyar inabi, kuma dokar shari'a da Jihar Sakkwato ta ɗauka a 2000 ta bi wannan tafarki.

Amma babin da ya fi kusa da madafarmu shi ne babin nabizu, watau ruwan da aka jiƙa dabino ko zabibi a cikinsa don ya yi zaƙi. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa ana jiƙa wa Annabi da safe ya sha da dare, a jiƙa da dare ya sha da safe, a cikin salka da ake ɗaure bakinta; ya kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa yakan sha har zuwa la'asar ta rana ta uku, abin da ya ragu a ba wa mai hidima ko a zubar. Malamai suka ce ana bayarwa ne idan bai sauya ba, ana zubarwa idan alamar sauyi ta bayyana. Mai lura zai ga an haɗa ma'auni biyu a nan, lokaci da alama, ba a dogara ga ɗaya aka saki ɗaya ba. Sa'an nan aka zo ga mazubi: an hana wakilan ƙabilar Abdul Ƙais jiƙo a cikin wasu mazubai huɗu, ciki har da duma da tulun da aka shafe da kwalta, kuma ko da yake jama'a daga malamai suna ganin an shafe wannan hani daga baya, Imamu Malik ya wanzar da karhancin waɗannan biyu, saboda jiƙo yana saurin tashi a cikinsu mai shi bai sani ba. Masanin ƙwayoyin halitta na yau ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san jikin duma yana da ƙananan ramuka da ke riƙe ragowar yisti na jiƙon jiya, su zuba shi cikin na yau.

Akwai kuma wata mas'ala da ta keɓanta ga mazhabarmu, wadda ke nuna darajar hanci: Malikiyya suna karɓar shaidar adilai biyu da suka ji warin abin maye a bakin mutum, suna dogara ga aikin Sayyidina Umar da ya zo cikin Muwaɗɗa. Idan har shari'a ta amince da hancin da ya ƙware a al'amari mai nauyi irin na haddi, lalle ya cancanci mu amince da shi, mu kuma horar da shi, a al'amarin randar kunu.

Yadda mai kunu ke hukunci

Bari mu tsaya a gefen mai kunun zaƙi mu ga aikinta. Takan jiƙa gero ko dawa ya kwana, ta wanke, ta kai markaɗe tare da citta da kanumfari da masoro da busasshen dankali, wata kuma ta ƙara tsiron hatsi. Idan ƙullun ya dawo sai ta raba shi biyu, ta sheƙa wa kashi mafi yawa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya huce har ta iya sa yatsa a ciki, sa'an nan ta zuba ɗanyen ta juya, ta rufe da faifai ya kwana. Da asuba idan ta buɗe, abin da ta bari da kauri ya tsinke ya yi zaƙi, ko ƙwayar sukari ba ta sa ba. Bayanin masana shi ne, ɗanyen ƙullu da tsiro da dankali suna ɗauke da sinadaran da ke narkar da dafaffen gari su mai da shi sukari, kuma da ta zuba su cikin zafi mai tsanani da sun mutu, shi ya sa take gwadawa da yatsa. A cikin daren kuma wasu ƙwayoyin halitta, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo, suna cin wani sashe na sukarin suna ba da tsami mai daɗi. Waɗannan su ne bayin da take so. Amma yisti ma yana nan cikin randar yana jiran lokacinsa, kuma muddin aka ba shi sukari da ɗumi da kwanaki, sai ya karɓe aikin.

Kafin ta kai ludayi baki, sai ta fara da ido. Tana duba fuskar randar tun ba ta motsa ta ba: idan ruwa ya kwanta garau a sama, gari ya zauna a ƙasa, babu motsi, to lafiya, idan kuwa ta ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya alhali ba wanda ya taɓa, sai ta ce ya fara tashi. A nan alkama take ruɗar wadda ta saba da gero, domin alkama tana da danƙo, kuma danƙon nan yana riƙe kumfar juyi ta daɗe ba ta mutu ba ko da kunun sabo ne fil. Hanyar rarrabewa ita ce a kwashe kumfar da ludayi a jira: kumfar juyi ba ta dawowa, kumfar tashi kuwa takan sake taruwa da kanta. Sa'an nan tsiron alkama ya fi na dawa ƙarfin narkar da gari nesa ba kusa ba, saboda haka kunun da aka sa masa shi yana saurin zaƙi, yana kuma saurin samar wa yisti abinci; wadda ta auna shi da awon tsiron dawa za ta ga kununta ya juya kafin lokacin da ta saba.

Daga ido sai hanci, kuma a nan ne gwanaye ke fifita. Ƙanshin kunu mai kyau na hatsi ne da citta, da ɗan tsami irin na nono sabon kwana. Ƙauri yana nuna wuta ta kama gindin tukunya. Warin rima yana nuna hatsin ya yi fumfuna a rumbu. Wanda ya fi kowanne bukatar lura shi ne wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi kamar na ayabar da ta wuce nuna, tare da wani abu mai hawa hanci, wannan kuwa shi ne ainihin abin da alƙalin Bavariya ke nema. Ina jan hankali a nan ga kanumfari, domin idan ya yi yawa yana rufe wannan alama, kuma na ga inda mai sayarwa ke ƙara wa kwantai kanumfari da sukari da ƙanƙara don ya shige a kasuwa. Wannan algus ne, hukuncinsa kuma sananne ne ga kowane ɗalibin fiƙihu.

Harshe shi ne na ƙarshe, kuma sharaɗinsa ido da hanci su riga su ba da izini. Abin da alamar maye ta bayyana a kansa ba a ɗanɗana shi don tabbatarwa, zubarwa ake yi. Idan an sami izini, mai kunu tana neman zaƙi da tsami su yi daidai, ɗaya bai danne ɗaya ba. Tana neman gardin hatsi. Tana ƙin gafin ɗanyen ƙullu da baurin da jar dawa ke bari a dasashi. Tana ƙin lami, tana ƙin tsikari a kan harshe. Ta kuma lura da yadda yake wucewa a maƙogwaro, ko da santsi ko da tsaki-tsaki na rashin kyakkyawar tata. Kunun alkama yana da yauƙi kaɗan bisa ɗabi'arsa, kada a ɗauke shi aibi, sai fa idan ya kai ga jan zare, wanda alama ce ta lalacewa.

Game da lokaci kuwa, bai kamata a ɗauki kwana uku na nabizu a ɗora wa kunu kai tsaye ba, domin illar hukuncin ita ce sauyi, kuma dafaffen gari mai tsiro ya fi jiƙon dabino saurin sauyawa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kunun da aka tace da safe yana iya juyawa kafin ya kwana, alhali a sanyin Disamba yakan jure fiye da haka. Masu sayarwa a watan azumi sun san wannan sarai, shi ya sa suke ƙididdige aikinsu ya ƙare dab da la'asar.

Inda harshe ke gazawa

Wajibi ne in faɗi iyakar wannan mizani. Ƙwayoyin kwalara da na taifod ba su da wari ba su da ɗanɗano, kuma mafi yawan lokaci suna shiga ne bayan an gama dafuwa, ta ruwan da aka tsinka kunun da shi, ko ƙanƙarar da ba a san asalin ruwanta ba, ko hannun mai tata. Gubar da fumfuna ke bari a hatsi da gyaɗa tana cutar da hanta, tafasa kuma ba ta kashe ta. Sa'an nan mazubi ya sauya: randa da ƙwarya sun ba da wuri ga gorunan roba da ake tsintowa a wanke sama-sama, waɗanda wuyansu da murfinsu ke riƙe ragowar jiya kamar yadda duma ke yi, su kuma ɓoye fuskar kunun da hanci da ido ke bukata. Duk da haka gorar roba tana da tata shaida ga mai lura: idan ta kumbura ta yi tauri a hannu, ko ta yi tsaki da ƙarfi sa'ad da aka murɗa murfin, to yisti ya yi aiki a ciki, a mayar wa mai ita.

Kira

Saboda haka ina roƙon malamanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na sashen kimiyyar ƙwayoyin halitta da na nazarin Hausa da na addinin Musulunci, su haɗa hannu su je Boɗinga da Sifawa da Shagari, su zauna da tsofaffin mata masu wannan sana'a cikin ladabi irin na ɗalibi ga malaminsa, su rubuta kalmominsu da alamominsu, sa'an nan su auna a ɗakin gwaji awa nawa kunun gero da na dawa da na alkama ke yi kafin barasa ta fara taruwa, a lokacin zafi da na sanyi, a randa da gorar roba. Daga nan a fitar da takardar hukunci guda, da boko da ajami, wadda za ta fara da tambayar halal da tsabta kafin a zo ga makin daɗi, a miƙa ta ga makarantun Islamiyya na matan aure da malaman tsabta na ƙananan hukumomin biyu. Ina kuma roƙon Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka ɗora wa alhakin inganta irin alkama da gero, ta riƙa tambayar mai kunu ra'ayinta a kan sabon iri kamar yadda ake tambayar mai gidan burodi. Tsofaffin da suka san wannan ilmi suna raguwa kowace shekara, a gaggauta zuwa gare su tun suna raye.